Ƙaramin helikwafta mai injin fistin: da gaske injin mota ne ke ɗaga shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Zariya, gyaran mota nake yi. Na ga bidiyon wasu ƙananan jirage masu saukar ungulu suna kora shanu a ƙasar Ostareliya, aka ce mini sunansu Robinson, wai kuma injinsu mai fistin ne irin na mota. Da gaske ne? In haka ne, yaya mutum zai yarda ya hau? Kuma tunda an ce suna da araha, me ya sa ba ma ganinsu a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Inji ne mai fistin da silinda da filogi, kuma da za a buɗe maka shi ba abin da zai zame maka baƙo. Amma ba injin mota ba ne. Kuma bari in faɗa maka ra'ayina tun da wuri: a jiragen nan ba inji ne abin da ya fi ba ni tsoro ba. Farfelar sama ce, da hannun wanda ke riƙe da sandar tuƙi.

Wanda ka gani yana bin shanu R22 ne, mai kujera biyu. Yana da ƙane wanda ya fi shi girma, R44, mai kujera huɗu. Dukansu aikin wani injiniya ne ɗan Amurka, Frank Robinson, wanda ya yi aiki a kamfanonin ƙera jirage na Cessna da Kaman da Bell da Hughes, har aka san shi gwani kan farfelar wutsiya. Ya daɗe yana roƙon manyan kamfanonin nan su ƙera helikwaftan da mutum ɗaya zai iya saya da kuɗinsa, ba su saurare shi ba. A 1973 ya ajiye aiki ya kafa nasa kamfanin a cikin gidansa a jihar Kalifoniya. R22 ya fara tashi a watan Agusta 1975, hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba shi shaida a Maris 1979, aka fara sayar da shi kan kimanin dala 40,000. Ba shi ya fara sa injin fistin a helikwafta ba. Bell 47, helikwaftan farko da aka ba wa shaidar aikin farar hula a 1946, da fistin yake tashi, haka ma Hughes 269 da sojojin Amurka suka koyar da dubban matuƙa da shi. Abin da Robinson ya kawo shi ne sauƙi da rashin nauyi. R22 babu mai babu mutum bai fi kilo 400 ba, kuma duka-duka nauyin da aka yarda ya tashi da shi kilo 622 ne.

Injin na kamfanin Lycoming ne. Na R22 na yanzu silinda huɗu ne, lita 5.9, na R44 silinda shida, kusan lita 9. Ka ga girman ya ninka na ƙananan motocin da kake gyarawa, amma gudunsa bai kai juyi 2,800 a minti ba. Silindoji manya, juyi a hankali. Ba shi da lagireto, babu ruwa sam, wata fanka ce ke hura masa iska. Kowace silinda filogi biyu gare ta, kuma kowane layi da maganetonsa daban, wato na'urar da ke samar wa filogi wuta da kanta, saboda haka ko batir ya mutu, ko layi ɗaya ya ɗauke, injin na ci gaba da aiki.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ba a barin injin ya yi iyakar ƙarfinsa. Na R22 zai iya ba da ƙarfin doki 180, amma littafin jirgin ya tsayar da matuƙi a 131 na minti biyar lokacin tashi, sannan 124 a tafiya. Kai ka san bambancin motar da ake lallaɓawa da wadda kullum ake take mata totur har ƙasa. Wannan rangwamen ne ya sa injinan suke kai awa 2,200 kafin garambawul. Yana da wani amfanin kuma: injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan ƙafa dubu, to ragowar da aka ajiye ita ke cike giɓin idan an hau sama ko rana ta yi zafi.

Wataƙila ka tuna ɗalibin nan na Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta a Kano a 2007 da injin Honda Civic, har labarinsa ya zaga duniya. An ce injin nasa ƙarfin doki 133 ne, kusan daidai da abin da R22 ke tashi da shi. Ƙoƙarin yaron abin jinjina ne. Amma injin mota an ƙera shi ne ya taɓa iyakar ƙarfinsa na ɗan lokaci, wajen wuce wata mota ko hawan tudu, sauran lokaci yana hutawa. Helikwafta kuwa daga tashi har sauka yana neman kusan duk abin da aka ba shi izini, awa bayan awa.

Da za ka tsaya kusa da R22 ana tayar da shi, ga abin da za ka gani. Matuƙi zai murɗa makulli, inji ya kama yana ruri, farfela kuwa tana tsaye ba ta motsa ba, don belolin da ke haɗa su a sake suke. Beloli ne na roba masu kama da fambel. Sai ya danna makunnin kuloci, wata fitila ruwan ɗorawa ta kama, wata ƙaramar na'ura mai lantarki ta fara ɗaga fulin sama a hankali tana ɗaure belolin. Za ka ji ɗan ƙugi, kafin daƙiƙa biyar fikafikan sun fara juyawa. Idan ɗaurin ya kai, fitilar ta mutu da kanta. Daga nan giya ke rage gudun, farfelar sama ta riƙa juyi kusan 510 zuwa 530 a minti. Duk bakanike in ya ga wannan sai ransa ya yi fari, don abu ne da ido ke iya dubawa kafin kowane tashi.

To ina hatsarin yake? Yana cikin rashin nauyin nan da ya sa jirgin ya yi araha.

Idan injin helikwafta ya mutu a sama, ba faɗowa yake yi kamar dutse ba. Matuƙi zai sauke libar da ke hannunsa na hagu, mai kama da birkin hannu na mota, fikafikan su kwanta, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfela har ya sauka. Kowane ɗalibi sai ya maimaita wannan sau ba adadi kafin a ba shi lasisi. Matsalar R22 ita ce fikafikansa ba su da nauyi, ba sa riƙe juyi. Ka kwatanta dutsen niƙa da faifan kaba: ka juya su ka saki, wanne zai riga tsayawa? A R22 matuƙi ba shi da cikakkun daƙiƙa biyu kafin juyin ya faɗi ƙasa da inda za a iya dawo da shi. Akwai ƙaho da ke kuka da zarar juyi ya sauka zuwa kashi 97 cikin ɗari, kuma dole hannu ya riga tunani. R44 ya fi sassauci a nan, don fikafikansa sun fi nauyi.

Hatsari na biyu ya fi muni, kuma ina so ka fahimce shi sosai. Farfelar fikafikai biyu ce, an ɗora ta bisa kan sandar ƙarfe tana rinjaya kamar sikeli, jikin jirgin kuma yana rataye ƙarƙashinta kamar guga a igiya. Muddin nauyin na rataye, duk inda farfela ta karkata jiki zai bi. To idan matuƙi yana hawa sai ya tura sandar tuƙi gaba da sauri, nauyi zai bar farfelar na ɗan lokaci, irin yadda cikinka ke tashi idan mota ta haura tudu a guje. A wannan lokacin igiyar ta saki. Farfelar wutsiya kuwa tana nan tana turi, sai ta mirgina jirgin zuwa dama. Kowane ɗan Adam abin da jikinsa zai ba shi shi ne ya fizgi sanda hagu. Farfela za ta karkata, jiki ba zai bi ta ba, gindinta ya daki sandar ƙarfen, ko dai sandar ta karye ko fiffike ya sare jikin jirgin. Da wuya a tsira daga wannan. Maganinsa shi ne a fara jan sandar baya a hankali har nauyi ya dawo kan farfela, sannan a gyara karkatar. Iska mai tsananin girgiza ma tana iya jawo shi, shi ya sa ake rage gudu idan an shige ta.

Rayuka da dama sun salwanta ta waɗannan hanyoyi biyu a shekarun 1980 da farkon 1990, akasari sababbin matuƙa da malamai masu ƙarancin awoyi. Robinson kansa ya sha cewa ba don koyarwa ya ƙera R22 ba, don zirga-zirgar mutum ne, amma arahar ta sa makarantu suka rungume shi. A 1995 FAA ta kafa doka ta musamman, SFAR 73, kan R22 da R44 kaɗai. Ta wajabta horo na daban kan waɗannan hatsurra, ta ce ɗalibi ba zai tashi shi kaɗai a R22 ba sai ya yi awa 20 tare da malami, malamin kuma sai yana da awa 200 a helikwafta, 50 daga ciki a irin jirgin. An kuma sa wa injin na'urar da ke daidaita totur da kanta. Hatsurran sun ragu ƙwarai, amma ba su ƙare ba, kuma hukumar binciken hatsurra ta New Zealand ta daɗe tana nuna damuwa kan wannan dukan sanda.

Akwai laifin da ba na matuƙi ba. Tankin man R44 na farko zallar alminiyam ne, har aka sami hatsurran da mutane za su iya fita da ƙafarsu amma tanki ya fashe wuta ta cinye su. Daga 2010 kamfanin ya nemi a sa jakar roba cikin tankunan, Ostareliya kuma ta hana duk wanda ba a gyara ba tashi a 2013. A ganina an yi jinkirin wannan gyara.

Duk da haka jiragen sun yi aiki. R44 ya fara tashi a 1990, ya shiga kasuwa a 1993, samfurin Raven II na 2002 ya zo da injin mai feshin mai maimakon kafireto, kuma an ƙera fiye da 6,000. Yana gudun kusan kilomita 200 a awa, yana shan lita hamsin da wani abu. 'Yan sanda da gidajen talabijin da masu feshin gona da masu duba bututu duk suna amfani da shi. A 1997 Jennifer Murray ta zaga duniya da R44, ta zama mace ta farko da ta yi haka a helikwafta. Su kuwa makiyayan arewacin Ostareliya, gonar kiwo ɗaya tana iya kai dubban murabba'in kilomita, aikin da mahaya dawaki za su kwashe makonni suna yi jirage biyu sai su gama cikin kwanaki. Sai dai wannan tuƙin da ka gani, ƙasa-ƙasa tsakanin bishiyoyi cikin ƙura, yana cikin mafi hatsari, kuma masu yin sa sun tara dubban awoyi.

Batun rashin ganinsu a nan, babban dalili mai ne. Injinan suna shan fetur na musamman na jirgi, 100LL, mai launin shuɗi da dalma a ciki. A filayen jiragenmu kananzir ɗin jirgi ake samu ko'ina, shi wannan fetur kuwa shigo da shi ake yi kaɗan-kaɗan a duro da tsada. Ga misali a garinku: kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ta koma ga jiragen Diamond masu shan kananzir, kuma wahalar wancan fetur na cikin dalilai. Makarantar helikwafta ta Enugu ma R66 ta ɗauka, wato ɗan gidan Robinson da ya fito a 2010 da injin tabain (mara fistin, irin na manyan jirage) na kamfanin Rolls-Royce, shi ma kananzir yake sha.

Sai yanayi. Rana mai maki 40 a Kano, ko tudun Jos mai sama da mita 1,200, iska tana yin shara-shara, inji da farfela duka su rasa ƙarfi, R44 cike da mutum huɗu da mai ya sha wuya wajen tashi. Ƙurar hunturu tana cin bakin fikafikai tana toshe matatar iska. Da damina kuma, duk da ɗumi, ƙanƙara na iya taruwa cikin kafireto har ta shaƙe inji, don haka akwai libar tura masa iska mai zafi.

Arahar ma, in an kwatanta da jirage masu injin tabain ne ake nufi. Sabon R44 ya haura dala rabin miliyan. Kuma idan ya cika awa 2,200 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, ba inji kaɗai ake saukewa ba, jirgin gaba ɗaya ake warwarewa a sauya fikafikai da sauran sassan da wa'adinsu ya cika, ko da a ajiye ya yi shekarun. Wanda zai sayi na hannu, awoyi da shekarun da suka rage masa zai fara tambaya kafin ya dubi fenti.

Ni zan hau, kuma zan bar ɗana ya hau, idan na ga littafin gyaran jirgin da idona, na san awoyin matuƙin a kan irin wannan jirgi, an auna nauyinmu kafin tashi, kuma ba a cikin hadari ko iska mai ƙarfi ba. Kai kuma Malam, in abin ya shiga ranka, kwalejin nan ta Zariya tana da sashen koyar da gyaran jirgi, lasisin kuwa hukumar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ke bayarwa. Hannun da ya saba da fistin da bawul ya riga ya yi nisa. Abin da za su ƙara maka shi ne ɗaure kowane noti da ma'auni, da rubuta duk abin da ka taɓa ka sa hannu.