Amsa ga 'yar'uwa mai tambaya kan rubutun Koriya

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, kin ce kina son koyon haruffan Koriya amma kina tsoron ko irin na Sin ne da sai mutum ya haddace dubbai. Wallahi ki kwantar da hankalinki, Hangul, wato rubutun Koriya, haruffa 24 ne na asali, baƙaƙe 14 wasula 10. Sarki Sejong na Koriya ne ya sa aka ƙirƙiro shi a 1443 aka fitar da shi a 1446 don talakawa su iya karatu. Dunƙule su ake yi gaɓa-gaɓa, kamar 한, wato h da a da n a gida ɗaya.

Furucin ne dai ke son haƙuri. Duba 불 (bul) wuta, 풀 (pul) ciyawa, 뿔 (ppul) ƙaho, da farko duk ɗaya kunnena ke jinsu, abin da ya taimake ni shi ne na riƙe 'yar takarda gaban bakina ina maimaitawa, a 풀 iska na fitowa sosai takardar ta motsa, a 뿔 kuma ki matse maƙogwaro kar iska ta fita, mu da muka saba raba k da ƙ wannan ba zai daɗe yana ba mu wuya ba, duk da ba sauti ɗaya ba ne.

Ki kula da ㅇ, a farkon gaɓa shiru yake, a ƙarshe ya zama ng. Sannan 합니다 hamnida ake cewa ba hapnida yadda aka rubuta shi ba. Don Allah ki daina dogaro da Koriyancin da aka rubuta da haruffan boko tun makon farko, ki riƙa sauraron 'yan ƙasar kina bin Hangul ɗin da yatsa.