Igiyar H-1B tana hannun kamfani: amsa ga wani ɗan'uwa a Texas

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga wajen Dallas, ga abin da ya ce a taƙaice: "Yaya, ni injiniyan manhaja ne, ina shekara ta uku a kan bizar H-1B. Sau biyu kamfaninmu yana sallamar mutane a bana. Ran nan wani abokin aikina Ba'amurke ya faɗa a gabana cewa irinmu ne muke karya musu albashi, har yau maganar tana ci na a rai. Ga Hajiya ta matsa sai na zo bikin ƙanwata, ga ginina a Kano ya tsaya a linta, ga ƙanena yana so in biya masa wani ajan da ya ce zai samo masa irin bizata. Ina zan sa kaina?"

Ƙanena, bari in fara da maganar da take cin ka a rai, don na lura ita ce ta hana ka barci, ba ginin ba.

Abokin aikinka bai kyauta ba da ya jefa maka ita a fuska, amma ruwa ba ya tsami banza. An ƙirƙiro wannan biza ta ƙwararrun ma'aikata baƙi a dokar shige da fice ta Amurka ta 1990, ana ba da 65,000 a shekara, sai ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko sama da haka a jami'o'in Amurka. A takarda, doka ta ce a biya baƙo albashin da ake biyan mai irin aikinsa a garin. A aikace, wasu kamfanonin ƙwadago sun mayar da ita hanyar kawo ma'aikata masu araha. A 2015 labarin Disney a Orlando ya cika jaridu: an sallami ma'aikatan kwamfuta kusan 250, an kuma sa wasunsu koya wa waɗanda za su maye gurbinsu aiki kafin a ba su kuɗin sallama. Wanda aka yi wa ɗan'uwansa haka, kada ka yi mamaki in ya ga baƙo ya ɓata rai.

Ɗaya ɓangaren ma suna da hujja. A Disambar 2024 rigimar ta ɓarke a tsakanin magoya bayan Trump kansa, bayan ya naɗa Sriram Krishnan, haifaffen Indiya, mai ba shi shawara kan ƙirƙirarriyar basira. Elon Musk da Vivek Ramaswamy suka ce Amurka ba za ta riƙe gaba a fasaha ba sai da ƙwararrun waje, Steve Bannon da Laura Loomer suka ce ana ƙwace abincin 'yan ƙasa. Trump ya bi bayan Musk a lokacin. Wata tara bayan nan, ranar 19 ga Satumban 2025, shi ne dai ya sa hannu a kan takardar da ta ɗora dala 100,000 a kan sabon neman H-1B. Kai kanka ka ga irin tabbacin da ke cikin maganar 'yan siyasa.

Ra'ayina shi ne, abin da yake karya albashi ba kai ba ne, igiyar da aka ɗaure ka da ita ce. Bizar tana manne da kamfanin da ya nema maka. Mutumin da ya san in aka kore shi kwana 60 kawai gare shi ya samu wani aiki ko ya bar ƙasar, ba ya neman ƙari, ba ya ƙin aikin dare, in oga ya tsawata sai ya ce to. Wannan ne yake yi wa wasu kamfanoni daɗi, kuma shi ne yake cutar da kai da abokin aikin naka baki ɗaya. In ya sake yi maka maganar, faɗa masa haka cikin sanyin murya, ka wuce. Kada ka yi musun nan a intanet. Yanzu ana duba shafukan sada zumunta na masu neman biza, kuma ba ka da ribar komai a ciki.

To, igiyar nan ita ce aikinka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kai kuwa sau biyu ka ga hayaƙi a ofis ɗaya.

Kwana 60 ɗin suna fara ƙirguwa daga ranar da aikin ya ƙare, kuma kuɗin sallama ba ya tsawaita su. Duk wanda ya nemi aikin manhaja ya san ganawa huɗu ko biyar ake yi, wata guda ya tafi kafin a ce an ɗauke ka, sannan lauyan sabon kamfani ya haɗa takardu. Abin da yake taimakonka shi ne ka riga ka ci ƙuri'ar rabon bizar sau ɗaya, ba za ka sake shiga ta ba, kuma da zarar sabon kamfani ya shigar da takardarka wurin hukumar shige da fice ta USCIS za ka iya fara aiki. Bayanin da hukumar ta fitar a Oktoban 2025 ya ce dala 100,000 ɗin ba ta hau kan wanda yake cikin ƙasar da sahihin matsayi yana canza kamfani ko sabunta zama. Amma in kwanakin suka ƙare ka fita, aka zo nemo ka daga waje, nan ne kuɗin zai iya hawa, kuma kamfanoni kaɗan ne za su biya. Saboda haka ka fara neman aiki tun kana da aiki. Daren nan ka haɗa I-797 ɗinka (takardar amincewa da bizarka) da I-94 (shaidar wa'adin zamanka) da takardun albashin wata shida da kwafin digirinka a wuri ɗaya, a wayarka da imel ɗinka na kanka, ba a kwamfutar ofis ba. Na san wanda aka rufe wa kwamfuta ana cikin taron sallamar, komai nasa yana ciki.

Ginin Kano ya jira. Ka sa a rufe saman bulon don damina, a sallami magina. Kada ka sake sayen buhun siminti ɗaya sai ka tara kuɗin da zai riƙe ka wata shida: haya, abinci, inshorar lafiya da kuɗin lauya. Za a yi surutu a unguwa cewa ginin ɗan Amurka ya tsaya. A yi.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda ba ka ko ambata ba, shi ne katin zama na dindindin. H-1B shekara uku ce, a ƙara uku, shikenan, sai dai in an fara maka neman katin da wuri. Ana so a shigar da takardar farko wurin ma'aikatar ƙwadago kafin ka shiga shekara ta shida, ita kuma tana iya cin fiye da shekara. Kana ta uku, ba a fafe gora ranar tafiya. Je ka tambayi sashen ma'aikata a rubuce, yaushe za su fara. Ka sani kamfanin da ya sallami masu irin aikinka a cikin wata shida da suka wuce yakan ja ƙafa, don doka ta tilasta masa ya fara waiwayar waɗanda ya kora. In suka yi ta kwana-kwana, ka ga lauyan shige da fice na kanka, ka tambaye shi ko ka cancanci hanyar nan ta NIW wadda mutum yake nema wa kansa ba tare da kamfani ba. Kana da wata dama da abokanka Indiyawa ba su da ita. Kusan bakwai cikin goma na masu H-1B su ne, alhali doka ta ƙayyade wa kowace ƙasa kashi 7 cikin ɗari na katunan, shi ya sa layinsu ya haura shekara goma. Da ƙasar haihuwa ake lissafi, kai kuwa layinka bai kai nan ba.

Batun ƙaninka gajere ne. Ajan ba ya samo H-1B. Kamfani ne yake rajistar mutum a watan Maris, ya biya dala 215, a yi ƙuri'a. Duk wanda ya ce a kawo miliyoyi ya haɗa, ɗan damfara ne. Ga shi tun 1 ga Janairun 2026 an dakatar da ba 'yan Najeriya bizar karatu da ta ziyara da ta ƙaura, 'yan Nijar kuwa an rufe musu ƙofar gaba ɗaya. Kuɗin ajan ka saya masa kwamfuta mai kyau da sola da intanet mai ƙarfi, ya yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakinsa. In ya goge, Jamus tana da katin neman aiki na shekara guda tun Yunin 2024.

Saura Hajiya, kuma nan ne na fi tausaya maka. Buɗe fasfonka ka duba tambarin bizar. Zamanka a cikin Amurka I-94 ne yake riƙe da shi, amma komawa bayan ka fita tambarin ne. In ya ƙare, sai ka nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci a Abuja ko Legas, kuma tun Yulin 2025 yawancin bizar da ake buga wa 'yan Najeriya ta wata uku ce, shiga ɗaya. In aka riƙe fasfonka don ƙarin bincike, makonni na tafiya, kamfanin da yake neman wanda zai rage yana kallon kujerarka babu kowa. Ni dai ban ba ka shawarar tafiya yanzu ba, ko da tambarin yana da sauran kwana, sai lauya ya duba ya ce maka je ka.

Kada ka aika mata saƙon murya, kuma kada ka ce aiki ne ya yi yawa, don za ta ɗauka ka fifita aiki a kan 'yar'uwarka. Ka fara kiran kawunka ko wani babba da take jin maganarsa, ka warware masa komai, sannan ka kira ta bayan isha'i yana kusa. Ka ce: "Hajiya, in na fito ba lalle a bar ni in koma ba, kuma in ban koma ba abin da nake aiko wa gida ya tsaya. Ki yafe mini wannan karon." Sai ka ɗauke mata nauyin kayan ɗaki ko gara gwargwadon ƙarfinka, ka sa wani yaro ya riƙe maka waya ranar ɗaurin aure. Lokacin da za a ɗaura da hantsi a Kano asuba ce ta gabato a Dallas, sai ka tashi da wuri ka sa babbar rigarka.