Inshorar rai a Amurka: idan kisa ne, ana biya?

Malam, ka tambaya ko kamfanin inshorar rai yana biyan iyali idan mutuwar ta haɗa da aikata laifi. A nan Amurka, abin da ake fara dubawa shi ne wane ne mai laifin.

Idan 'yan fashi suka harbe direban tasi a bakin aikinsa, ana biya, sai dai kuɗin kan yi jinkiri. Kamfani zai jira takardar shaidar mutuwa daga likitan binciken gawa, sannan ya tambayi 'yan sanda ko wanda aka rubuta a matsayin mai karɓar kuɗin yana cikin waɗanda ake zargi. Muddin ba a wanke shi ba, da wuya a saki ko dala ɗaya.

In kuwa mai karɓar ne ya yi kisan, ba shi da rabo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka, tunda a shari'ar Musulunci ma mai kisa ba ya gadon wanda ya kashe, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yanke irin wannan hukunci tun 1886. Ko kotun manyan laifuka ta sallame shi, alƙalin da ke sauraron ƙarar dukiyar na iya hana shi, domin a can rinjayen hujja ya wadatar. Kuɗin sai ya koma ga mai karɓa na biyu, in babu, ya shiga dukiyar mamaci. Idan dangi suka ja daga, kamfani kan ajiye kuɗin a kotu ya janye jikinsa.

Wanda ya mutu yana tsaka da aikata babban laifi, takardar yarjejeniyarsa ce alƙali. Wasu kamfanonin sun cire irin wannan mutuwa ƙarara daga abin da suke biya, musamman a ƙarin da ake biya kan mutuwar haɗari. Kuma a shekaru 2 na farko kamfani na da ikon sake bincikar fom ɗin da aka cika. In ya gano an ɓoye tarihin ɗauri ko wata cuta, yana iya soke yarjejeniyar ya mayar da kuɗin da aka zuba kawai.

Inda abin ya fi cizon mutanenmu shi ne idan an kashe mutum ya je ziyara gida. Ana sallar jana'iza a ranar, yadda addini ya koyar, amma ba a nemi takarda ko ɗaya ba. Bayan watanni kamfani ya ce a kawo hujja. A nan ne muke roƙonku, ku da ke gida: ku karɓi rahoton 'yan sanda, da takardar likitan da ya ga gawar, da shaidar mutuwa ta hukuma (a Najeriya, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa). Sunan da ke jikinsu ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Idan mamacin ɗan ƙasar Amurka ne, a kai takardun ofishin jakadancinta, su ma su fitar da nasu rahoton mutuwar.