Tambaya da Amsa: In ƙara wa katin girafik na laftof ɗina gudu da bolt?

Tambaya: Salam malam. Ina da laftof mai katin girafik RTX 3060, tokunbo ce, a Beirut Road na saya. Ina buga wasannin GTA V da Warzone, da farko lafiya lau amma in wasa ya yi nisa sai firem (yawan hotunan da ake nunawa a sakan guda) ya dinga sauka. Na ga a YouTube ana ƙara wa katin gudu har da bolt (ƙarfin wutar da ke shiga katin), ni ma in yi? Daga wani mai karatu a Hotoro.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gudu za ka iya ƙarawa kaɗan, amma bolt kam ka rabu da shi. Yawancin waɗanda kake gani a YouTube kwamfutar tebur suke taɓawa mai fanka uku, ga ɗaki da sanyi. A laftof NVIDIA, kamfanin da ya ƙera katin, ta kulle ƙarin bolt ɗin, ko ka buɗe MSI Afterburner, manhajar ƙara wa kati gudu, za ka tarar wurin a dushe ba ya motsi, kuma ko da ya motsa ba shi ne ya riƙe ka ba. Abin da ya riƙe ka wat ne, wato yawan wutar da aka yarda katin ya ci, da zafi. 3060 na laftof tsakanin wat 60 zuwa 115 ake ba shi, ya danganta da kamfanin da ya ƙera na'urar, da ya kai iyakarsa da kansa yake rage gudu. To wutar da yake ci ta fi bolt saurin hawa, ka ƙara bolt kashi 10 cikin 100 sai cin wuta ya hau da kusan kashi 21, ka ga kenan zai bugi iyakar da wuri ya koma ƙasa da inda yake, ga zafi a banza.

Abin da ka faɗa ma, cewa sai wasa ya yi nisa firem ke sauka, wannan galibi zafi ne. Wajen digiri 87 katin yake fara ja da baya, mu kuma nan Kano a Afrilu iskar ɗakin kanta ta kusa 40. Sauke manhajar GPU-Z ka duba PerfCap Reason, wurin da ke nuna abin da ya riƙe katin, kana cikin wasa, in ka ga Thrm zafi ne, in Pwr ne wat ya ƙare.

Fara da tsafta tukuna. Kai ta wurin mai gyaran da ka yarda da shi a buɗe bayanta a gabanka, tsakanin fanka da ƙarafan fitar da iska za ka ga ƙurar hunturu ta dunƙule kamar audugar katifa, a cire, a goge busasshen man sanyaya da ke kan katin a sa sabo, tokunbo dai ba ka san yaushe rabon da a canza ba. Daina ɗora ta kan gado, ka ɗaga bayanta, kuma ka dinga wasa da cajarta ta asali, don a batir ko ƙaramar caja gudunta raguwa yake.

Bayan nan sai Afterburner. Sa +50 MHz a Core Clock, wato gudun katin, ka buga awa guda, in babu matsala ka dinga ƙara 25, galibi wajen +100 zuwa +150 ake tsayawa. Da ka ga ɗige-ɗige a allo ko wasan ya fita da kansa, koma baya. Kada ka sa saitin ya dinga tashi da Windows sai ka gama gwaji. Ribar ma ba wata mai yawa ba ce, 'yan firem ne.

Ni abin da na fi so ka yi shi ne rage bolt, don ƙari aka kulle ba ragi ba. A cikin Afterburner danna Ctrl+F, layin bolt da gudu zai fito, zaɓi wajen 850 zuwa 900 mV, ka miƙar da layin daga nan zuwa dama. Zafi zai sauka, gudun ya zauna daram ko wasa ya yi tsawo.

In wani ya ce zai ɗora maka vBIOS (manhajar da ke cikin katin kansa) na wata laftof don ƙarin wat, ce masa na gode. Katin a manne yake da fanel, wato babban allon cikin laftof ɗin, ba a zare shi a sa wani, in ya ƙone sai dai sabon fanel gaba ɗaya, kuɗinsa kuma ka je Beirut Road ka tambaya ka ji.