Amsa ga mai tambayar famfo da Arduino

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena na Marwa, na saurari muryarka. Ka ce ka haɗa Arduino Uno, ɗan allon lantarkin nan da ake tsara wa umarni, da na'urar auna danshin ƙasa don ban-ruwan albasarka, amma famfo na tashi sai allon ya mutu ya sake kunnuwa, ko? To kar ka sayi sabo, allonka lafiyarsa ƙalau. A jikinsa ka ɗauki wutar famfon, nan ne matsalar.

Ka ga, moton famfo in zai tashi yana fizgar wuta ninkin abin da yake ci yana gudu. Yana fizga, volt 5 ɗin nan sai ta faɗi, ƙwaƙwalwar allon ta ɗauke, ta faro daga farko. Ƙafafun allon da kake ba umarni da su kuwa, miliamfa 20 ake so ka ja a kowace, 40 ne iyaka, ka wuce ka ƙona ta. Kamar ka ɗora wa yaro buhun gero ne.

Sai ka ware wa famfo batirinsa daban. Arduino umarni kawai zai bayar, ta rilai ko ta MOSFET, wato makunnan da allon ke kunnawa da kashewa da kansa. In MOSFET ne nemi IRLZ44N, shi volt 5 tana buɗe shi sosai. IRF520 da ya cika kasuwa ba ya buɗewa duka da ita, sai zafi. Kuma in MOSFET ɗin ne, ka haɗa GND, wato gefen mainas, na batir da na allon, in ba haka ba komai ba zai motsa ba.

Yauwa, sai diyod, ɗan abin nan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Ka sa 1N4007 tsakanin wayoyin moton biyu, gefen mai zobe ya kalli wayar ja, wato fulas. Moto in aka yanke masa wuta yana mayar da ita baya da ƙarfi, diyod ɗin ne ke shanye ta. Mutane na raina shi don araha gare shi, alhali shi ke tsare MOSFET ɗin.

Af, na'urar danshin ma. In mai ƙafa biyu ce ta ƙarfe tsirara, wutar da ke ratsa jiƙaƙƙiyar ƙasa za ta cinye ta. Ko ka canza da wadda ake kira kafasitif, mai ƙarfe a rufe, ko ka riƙa ba ta wuta lokacin aunawa kaɗai.

Akwatin kuma a inuwa don Allah, ka san zafin Afrilu a wajenku, yana haura digiri 40. Turo hoton haɗin wayoyin nan rukuni mu duba kafin ka jona batir.