Fatawa: Ƙanena ya ce babu "ni", babu zaɓi, komai rubutacce ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo a jihar Jigawa. Ƙanena ya dawo daga karatu a birni da wata magana da ya tsinto a bidiyoyin waya. Wai "ni" ɗin da mutum yake ji a ransa ruɗu ne na ƙwaƙwalwa, babu wani mai zaɓi a cikinmu, kuma Turawa sun gwada sun gani. In na kawo masa addini sai ya ce ai Musulunci ma haka ya ce, tunda komai an rubuta. Bana na ba shi kuɗin taki ya sayo a kasuwar Haɗeja, ya kashe rabi a kan sabuwar waya, da na yi magana ya ce ƙaddara ce. Sallar asuba ma ya fara wasa da ita. Ya kafirta ne? Kuma kuɗin nan yana kansa?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke wa ƙanenka hukunci.

Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne na imani kamar yadda ya zo a hadisin Jibrilu da Muslim ya ruwaito. A nan ƙanenka bai yi kuskure ba. Kuskurensa shi ne ɗaukar cewa rubutun Allah ya shafe zaɓin bawa. Wannan shubuha ta tsufa, ita ce ta Jabariyya, mabiya Jahamu ɗan Safwan wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan hijira. Kafinsa Ma'abadul Juhani ya tsaya a ɗaya gefen a Basra yana musun ƙaddara, Abdullahi ɗan Umar ya barranta daga masu wannan ra'ayi. Ahlus Sunna sun riƙe ayoyi biyu da ke jere a ƙarshen Suratut Takwir: "ga wanda ya so daga cikinku ya daidaitu", sannan "ba za ku so ba sai Allah Ubangijin talikai ya so". Ta farko ta tabbatar maka da so, ta biyu ta sa son naka a ƙarƙashin na Allah.

Ku mutanen Auyo kun fi kowa sanin bambancin abin da ya afka wa mutum da abin da ya aikata. Shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya shanye shinkafa tana gab da yanka, akwai wanda ya kai maƙwabcinsa ƙara gaban mai unguwa? Sai dai a yi jaje, a ce Allah ya mayar da alheri. Amma makiyayi ya saki shanu da gangan su cinye gonar nan, a ranar za a tara dattawa. Asarar iri ɗaya ce, duka da ƙaddarar Allah, kuma ko yaro ya san ɗaya akwai mai laifi. Haka hannun da zazzaɓi yake kaɗawa da hannun da ya miƙe ya karɓi waya a shago. A kan wannan bambanci aka gina shari'a, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mahaukaci, aka yafe wa wanda aka tilasta. Da kowa tilasta shi ake yi, da keɓe waɗannan ba shi da ma'ana.

Sahabbai sun yi wannan tambaya da bakinsu. Sayyidina Ali ya ce suna jana'iza a Baƙi'a, Annabi (SAW) ya zauna yana tona ƙasa da wata 'yar sanda, ya ce babu wani rai face an rubuta mazauninsa a Aljanna ko a wuta. Suka ce, to ba ma dogara da rubutun mu bar aiki ba? Ya ce: "Ku yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abin da aka halicce shi dominsa." Bukhari da Muslim suka ruwaito. Lokacin annobar Amwas da ta ɓarke a ƙasar Sham kuma, da Sayyidina Umar ya juya da mutane daga Sarga, wani gari a kan hanyar, bai shiga Sham ba, Abu Ubaida ya ce, gudun ƙaddarar Allah? Umar ya ce: "I, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Ya ba shi misalin mai raƙuma a kwarin da gefe ɗaya ke da ciyawa ɗaya kuma fako: duk inda ya kora su da ƙaddara ne, amma shi ya kora. Rubutun ɓoyayye ne, ɗan'uwa. Ƙanenka bai leƙa Lauhul Mahfuzi ba kafin ya shiga shagon waya. Sai da ya saya ya ce an rubuta, irin hujjar da Allah ya ƙaryata mushirikai a kanta a aya ta 148 ta Suratul An'am.

Gwajin Turawa da ƙanenka yake nufi, mafi shahara shi ne na Benjamin Libet a Amurka, a 1983. An sa mutane su motsa hannu duk sa'ad da suka ga dama, na'ura tana auna ƙwaƙwalwarsu. Aka ga alamar shiri tana tasowa kusan rabin sakan kafin motsin, mutum kuwa yana jin niyyar kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan kafinsa. Motsin hannu mara dalili ke nan, ina shi ina mutumin da ya kwana yana saƙa da warwara a kan kuɗin amana? Shi kansa Libet ya tafi a kan cewa mutum yana iya fasa motsin bayan ya ji niyyar.

Batun "babu ni" yana da ɗan ƙanshin gaskiya, shi ya sa yake ruɗar matasa, kuma ina tausaya musu. Gaskiya ne ba ka tsaya da kanka ba, numfashinka ma aro ne: "Ya ku mutane, ku ne mabuƙata zuwa ga Allah", in ji Suratu Faɗir. Amma mabuƙaci samamme ne. Allah ya ce kowane rai jingina ne ga abin da ya aikata, ya ce kowa zai zo masa ranar ƙiyama shi kaɗai. Fana'in da malaman tasawwufi na ƙwarai suke ambata shi ne bawa ya shagala da Ubangijinsa har ya manta da kansa, kamar tauraro da tsakar rana, yana nan amma hasken rana ya rufe shi. Wannan hali bai taɓa sauke wa kowa salla ba. Annabi (SAW) ya yi tsayuwar dare har ƙafafunsa suka kumbura.

Hukunci: maganar ɓatacciya ce, kuma wanda ya ƙaryata hisabi ko wajabcin salla bayan hujja ta bayyana gare shi ya fita daga Musulunci. Amma ƙanenka mai shubuha ne, ba a kafirta shi kafin a warware masa, kuma kafirtawar ba huruminka ba ce. A mazhabar Malikiyya, mai barin salla don kasala alhali ya yarda da wajabcinta mai babban zunubi ne, ba kafiri ba, sai ya tuba ya rama abin da ya wuce shi. Kuɗin kuwa yana kansa. Shi wakili ne, da 'yan fashi ne suka tare shi ba tare da sakacinsa ba, da babu ramuwa. Tunda shi ya taɓa amanar, dole ya biya, ko da zai sayar da wayar.

Kada ka yi masa wannan magana a gaban jama'a. Ku tafi gona tare, ka karanta masa amsar nan, in da sauran tambaya ka kai shi wurin malamin da yake jin nauyi. In yana cikin matsi, ka sassauta masa ya biya bayan kaka.

Wallahu a'alam.