Tara masu ciwon damuwa a ƙaramin asibiti: magani ne ko hira?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a asibitin sha-ka-tafi. Mata na zuwa da ciwon kai, kasala da rashin barci. A yi gwajin maleriya ba a ga komai ba, a ba su ƙwayoyi, bayan sati biyu su dawo. An ba mu shawarar mu riƙa tara su ana tattaunawa. Wannan magani ne kuwa? Asirinsu ba zai tonu ba?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Magani ne na ciwon damuwa, amma sai an bi tsarinsa.

A ƙauyukan Masaka da Rakai na Yuganda, inda ƙanjamau ya ɗauke mutane da yawa, aka gwada shi, sakamakon ya fito a 2003. Mutanen yankin aka horar na sati biyu, suka jagoranci zaman awa ɗaya da rabi duk mako har mako 16, maza daban, mata daban. Da aka kammala, kashi 6.5 cikin ɗari ne kawai ke da sauran ciwon damuwa mai tsanani, alhali a ƙauyukan da ba a yi ba abin ya haura kashi 54. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin da ya fi dacewa da asibiti irin naku: zama 8, mutum 6 zuwa 10.

Abin da ya raba shi da hirar gidan suna shi ne kowace mace tana da matsala guda da ake bi: rasuwa, rikici da wani na kusa, sauyin rayuwa kamar saki ko gudun hijira, ko kaɗaici. Wata ta ce ba ta runtsa ba. Sai ki tambaye ta yaushe abin ya fara, ta ce tun da aka yi mata kishiya maigida ya daina shawara da ita. A nan za a tsaya. Ta gwada maganar da take son faɗa masa, wata ta tsaya a matsayin mijin, sauran su gyara mata lafazi. Mako mai zuwa ta dawo da labarin yadda ta kaya. Ki rage wa'azi, nasu bakin ake so.

Maganar asiri kuwa, tsoronki na kan hanya, kuma a ganina nan ne yawancin irin wannan shiri ke rushewa. Kada ki haɗa kishiyoyi, ko suruka da matar ɗanta. Kada a zauna a baranda ranar rigakafi. A samu ɗaki mai ƙofa, a yi alkawarin riƙe amana tun zaman farko, a kuma guji duk sunan da zai sa a ce taron masu taɓin hankali ne.

Kafin ki sa kowace mace cikin zaman, ki gan ta ita kaɗai. Ki duba ƙarancin jini da hawan jini, don kasala ba kullum damuwa ba ce. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta jefa mutum cikin hakan. Wadda ta amsa e, ko mai jin muryoyi, ko mai sambatu, a tura ta wurin likita a ranar, kamar asibitin Dawanau a Kano, ko na ƙwaƙwalwa da ke Kaduna, Kware da Maiduguri.

Kada ki fara sai kin samu horo, da kuma ƙwararren da zai riƙa bibiyar zamanku, ko ta waya ce, duk mako.